Mai Awara a Kan Dutsen Asahi

Maganin da Likita Hasebe take ɗura mini ta jijiya kowane mako uku ya zo da wani hali nasa: ya haɗa ni gaba da sanyi. In na taɓa mariƙin ƙofa na ƙarfe, sai in ji kamar lantarki ya ja ni. In na kurɓi ruwan da bai ji wuta ba, maƙogwarona ya ƙulle kamar na haɗiyi fasasshiyar kwalba. Ga wanda ke fama da ciwon daji na hanji, wannan ai ƙaramin abu ne. To amma ni mai awara ne. Tun ina saurayi hannuwana a cikin ruwan sanyi suke wuni, ina yanka awara a cikin tanki, a shagon da mahaifinmu ya bar mini a garinmu Asahikawa.

Da kaka aka yi mini aiki, aka yanke abin da za a yanke. Kafin dusar ƙanƙara ta rufe gari an fara maganin. Daga nan matata Masumi ta riƙe shago ita kaɗai, ni kuwa na tare a bene kusa da hitar ɗumama ɗaki, da safar hannu ko a cikin ɗaki. Da asuba nakan ji ƙarar injin niƙa waken suya ta ƙarƙashina, sai in juya in ja bargo. Ba na sauka. In masu saye suka tambaya, takan ce musu ina samun sauƙi.

Wata Lahadi a ƙarshen Fabrairu yayata Tokie ta zo. Ta girme ni da shekara bakwai, kuma rayuwarta duk a tuƙin bas na cikin gari ta ƙare, shi ya sa har yau in tana magana kamar tana kiran mutanen kujerar baya ne. Ta hau bene ba ta ko cire hularta ba.

"Auta, kana nan da rai?"

"Ga ni dai, Yaya."

Ta tsaya ta ƙare mini kallo, sannan ta je ta yaye labulen taga. Gari ya waye tas ranar, ga duwatsu can gabas fari fat, dutsen Asahi ya ɗara sauran tsawo.

"Laraba shago a rufe yake, ko?" ta tambayi Masumi, wadda ta biyo ta da butar shayi. "To, ranar Laraba za mu hau dutse."

"Wane dutse, Yaya?"

"Ga shi can yana kallonki."

Masumi ta ajiye buta a hankali. "Yaya, mutumin da ba ya iya buɗe firij ne za ki kai cikin ƙanƙara?"

"Ai ba tsirara zan kai shi ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ki dube shi mana, ya koma kamar awarar da ta kwana uku a ruwa."

Suka juyo gare ni su biyun. Ni kaina na ɗauka a'a zan ce. Rabona da dutsen nan tun muna 'yan makaranta aka kai mu lokacin zafi, ban taɓa ganinsa kusa ba a lokacin sanyi, domin lokacin ne kowane gida ke neman awarar jefawa a tukunya. Na ji bakina ya ce, "Ina so in je."

Masumi ba ta ƙara yin musu a gaban Yaya ba. Cewa kawai ta yi sai abin da likita ta faɗa. Washegari da muka je gwajin jini ita ta fara kawo maganar, da alama tana fata a hana. Likita Hasebe ta duba sakamakon ta ce jinina bai faɗi ba, kuma Laraba ita ce jajibirin ɗurin magani na gaba, lokacin da rikicina da sanyi ya fi sauƙi.

"Ka je," ta ce. "Amma ka rufe baki da hanci, safar hannu biyu, ban da shiga wankan ruwan zafi na taron jama'a. In ka gaji ka juyo, dutse ba ya gudu. Kuma maganar matarka za ka bi, ba ta yayarka ba."

Ranar Laraba Masumi ta shirya ni kamar mai zuwa yaƙi. Riga kan riga, takunkumi, mayafin ulu a kai, 'yan ƙunshin ɗumi a kowane aljihu har cikin takalma. Ta cika filas biyu da gasasshen shayi, ta naɗe curin shinkafa a tawul don kada su huce. Da Yaya ta gan ni ina saukowa daga bene ina taka matakala ɗai-ɗai, sai ta kwashe da dariya.

"Masumi, ina ƙanena? Wannan katifar fa, ina za mu kai ta?"

Yaya ke tuƙi. Muka fita gari, muka ratsa gonakin shinkafa na Higashikawa waɗanda suka zama fili ɗaya fari, ba ka gane inda gonar wani ta ƙare ta wani ta fara. Hanya ta soma hawa cikin daji, ƙanƙarar da aka ture gefe ta fi motar tsawo. Wata ƙaramar mota ta matso mana baya tana son wucewa, Yaya ta leƙa madubi.

"Yi haƙuri, ɗan samari. Na ɗauko ƙwai."

"Ni ne ƙwan?"

"Wa ya kira sunanka?"

Masumi tana kujerar baya. Lokaci lokaci nakan ji hannunta ya zo ta kan kafaɗata ya gyara mini mayafi.

A gindin dutse muka shiga motar igiya, wadda ke hawa dutsen a rataye, tare da samari masu wasan zamiya a kan ƙanƙara, kowa rungume da katakonsa. Wani ya dube ni ya tashi ya ba ni wurin zama, ban yi gardama ba. Motar ta ɗaga, itatuwa suka yi ta wucewa ƙarƙashinmu, kowane reshe ya sunkuya da nauyin ƙanƙara. Can sai itatuwan suka fara gajarta, suka ƙare, muka shige cikin gajimare. Da muka sauka a tashar da ke can saman dutsen babu abin da ake gani ta taga sai fari, kamar an liƙa takarda a gilashi.

"To, Yaya," in ji Masumi, "mun ga dutse. Mu koma?"

"Ki zauna ki sha shayi. Wannan gajimaren baƙo ne, ba zai daɗe ba."

"Yaushe kika zama mai duban sama?"

"Wanda ya yi tuƙi a garin nan ba ya buƙatar rediyo."

Muka zauna a benci muka jira. Na ci rabin curin shinkafa. Tun da aka fara maganin komai na sa a baki ɗanɗanon tsohon cokali yake yi mini, amma ɗumin shinkafar ya yi daɗi a ciki. Samarin suka fita ɗaya bayan ɗaya, farin ya haɗiye su. Na fara gyangyaɗi ke nan Yaya ta zungure ni da gwiwar hannu.

Gajimaren ya tsage. Ga dutsen nan a gabanmu, kusa fiye da yadda na zata, ƙirjinsa a buɗe kamar an sara da gatari, fari tun daga ƙasa har ƙololuwa. Daga wasu ramuka a gindin tsagar, inda zafin cikin ƙasa ke fitowa, tururi ke tashi wuri-wuri, ginshiƙi-ginshiƙi, yana miƙewa cikin shuɗin sama. Masumi ce ta fara tashi, ta ja mini mayafi har ƙarƙashin idanu, ta ce, "Mu je. Amma in na ce a juya, a juya."

Muka ɗaura faffaɗan takalman taka ƙanƙara da Yaya ta aro, muka fita. Iska kaɗan ce. Yaya na gaba tana buɗe hanya, ina tsakiya da sanduna biyu, Masumi na bayana. Ba a jin komai sai ƙarar ƙanƙara ƙarƙashin ƙafa da numfashina a cikin takunkumi. Nakan yi ɗan taku in tsaya, su ma su tsaya kamar dama sun yi niyyar kallon wani abu. Ƙafafuna sun manta aiki, amma ba su ƙi ba. Rana tana dukan ƙanƙara tana dawowa cikin ido, zufa har ta fara tsattsafo mini a baya, abin da na daɗe ban ji ba.

Mun yi nisa kaɗan sai wata ƙara ta fara iso mu daga wajen tururin, kamar babbar tukunya tana tafasa an danne murfinta. Yaya ta toshe hanci.

"Tabɗi! Kun ji? Kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a aljihu."

"Har maƙogwaro," in ji Masumi.

Ni ban ji komai ba. Takunkumi da mayafi sun tare, ko kuwa hancina ne ya bi bakina ya mutu, ban sani ba, kuma ina son in sani. Kafin ɗayarsu ta lura na sa hannu na ja su ƙasa, na shaƙi iska iya ƙarfina.

Nan take maƙogwarona ya ƙulle. Kamar wani ya sa hannu biyu ya shaƙe ni. Na saki sanduna, na durƙusa, ina jan numfashi ina jin ba ya wucewa. Na ga fuskar Yaya ta sauya, abin da ban taɓa gani ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Masumi ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa gabana, ta zuge zip ɗin rigarta, ta kama kaina ta cusa fuskata cikin rigar, a ƙirjinta, ta rufe.

"Yaya, tsaya ta nan ki tare iska," ta ce, sannan ta kira ni da sunan 'yarmu kamar kullum. "Baban Shiho, ji ni. Likita ta faɗa mana wannan, ka tuna? Iska tana shiga, jinsa kawai kake yi kamar ba ta shiga. A hankali. Ta hanci. Yauwa. Ƙara."

Cikin rigar duhu ne da ɗumi. Ina jin bugun zuciyarta da sauri, ya fi nawa ma, amma muryarta ko rawa ba ta yi. Na yi ta shaƙar ɗumin nan, hannun da ya shaƙe ni ya yi ta sassautawa kaɗan-kaɗan har ya sake ni. Ta fito da kaina, ta mayar mini da takunkumi, ta tsiyaya shayi a murfin filas ta ce in kurɓa ta ƙarƙashinsa.

Yaya ta daɗe tana tsaye ta ba mu baya, hannuwanta a buɗe kamar mai tare akuya. Da ta juyo sai da ta share hanci tukuna.

"Kai dai, Auta, tun kana yaro haka kake. A ce kada ka taɓa, sai ka lasa." Ta matso kusa. "To, ka ji warin?"

"Na ji."

"Da gaske?"

"Ruɓaɓɓen ƙwai. Har yanzu yana hancina."

Masumi ta dube ni, ta dubi Yaya, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da hawaye. "Wata uku ina dafa masa abinci bai ji ƙanshin komai ba," ta ce, "sai wannan."

Ta ce a juya. Na roƙe ta mu ƙarasa wani ɗan tudu da ke gabanmu, wanda bai fi jifa da dutse ba, daga nan ba zan ƙara taku ɗaya ba. Ta auna tudun da ido, ta auna ni, ta yarda. A kan tudun Yaya ta tattake ƙanƙara ta shimfiɗa mana tabarmar roba, muka zauna ni da Masumi. Ita kuwa ta ce ba za ta zo har nan ta koma ba ta leƙa bakin tukunyar ba. Muka bi ta da kallo tana tafiya, jar rigarta tana ƙanƙancewa, har ta tsaya nesa kaɗan da ramukan, inda ƙanƙara ta narke ƙasa ta yi ruwan ɗorawa.

Daga inda muke ana ganin komai. Tururin yana fita da ƙarfi, ya miƙe, iska ta karya shi ta kai shi gefe. A bayanmu kuma, can ƙasa, ga filin da garinmu yake, shimfiɗe kamar faranti.

Masumi ta cire safar hannu don ta rufe filas. A hasken nan na ga hannuwanta sosai. Sun kumbura sun yi ja, duk gaɓoɓin yatsu sun tsattsage, wasu an naɗe da filasta. Na san hannuwan nan, irin nawa ne na kowane lokacin sanyi, sai dai ban taɓa ganinsu a jikinta ba.

"Maman Shiho," na ce, "mu rufe shagon nan."

Ba ta ɗago ba. "Shi ya sa ka ce kana son zuwa? Don ka faɗa mini wannan?"

"A'a. Yanzu na ga hannunki."

"Hannuna ne, ai ban kawo maka ƙara ba."

"Aikin mutum biyu ne. Ke kaɗai ba za ki iya ba, ni kuma ba a san ranar da yatsun nan za su dawo ba. Likita ta ce wani ma ba sa dawo masa duka."

Ta mayar da safarta, ta gyara zama, tana kallon tururin.

"Gaskiyarka, ni kaɗai ba zan iya ba. Na gaji, Baban Shiho. Ranar nan a tsaye barci ya ɗauke ni, madarar waken ta tafasa ta zube. Amma in tambaye ka. Me likita ta hana ka?"

"Sanyi."

"Ta hana ka wuta?"

"A'a."

"Tukunyar madara zafi ce. Kaskon suya zafi ne. Tun da ka hau bene na daina yin soyayyar awara, don ba ni da hannu huɗu, mutane kullum sai sun tambaya. Ni in riƙe tanki da yanka da wanke-wanke, kai ka riƙe wuta. Ga kujera, in ka gaji ka zauna. Makon da aka ɗura maka magani ka kwanta abinka, mu buɗe rabin rana."

"Me ya sa ba ki faɗa ba tuntuni?"

"Wa zan faɗa wa? Bargo?"

Na ji kunya kaɗan, na kuma ji dariya. Na ce zan gwada. Ta ce ba gwaji ta tambaya ba, kaskon yana nan ta wanke shi tun makon jiya. Muka ci gaba da zama, kafaɗa da kafaɗa. Wani farin gajimare ya taso daga yamma ya fara lasar kan dutsen.

Yaya ta dawo tana haki, girarta ta yi fari da raɓar da ta daskare. "Ƙasa tana rawa a wurin, na rantse. Ta tafin ƙafa kake ji. Me kuka tattauna a bayana?"

"Sirrin gida," in ji Masumi.

"Oho dai. Ku tashi, baƙon ɗazu ya dawo da 'yan'uwansa."

Komawa ta fi sauƙi saboda gangara ce, amma kafin mu kai tasha ƙafafuna sun zama na aro. Yaya ta riƙe ni ta dama, Masumi ta hagu. Muna shiga, gajimare ya rufe tagogi kamar yadda muka tarar da su. A gindin dutse muka sha romon taliya mai zafi, na shanye romon na bar taliyar. Tun kafin mota ta fita daga daji barci ya kwashe ni, ban farka ba sai a ƙofar gida, ina jin Yaya tana cewa Masumi ta bar ni, ai ba nauyi gare ni ba, ita za ta goya ni.

Washegari aka ɗura mini magani na biyar, na yi kwanaki a kwance kamar kullum. Da na farfaɗo na sauka shago. Ranar farko na ƙona rabin abin da na soya, saboda yatsuna ba sa jin sandunan juyawa sosai, suna ta suɓuce mini. Masumi ta nemo mini awartakin ƙarfe mai mariƙin katako, aiki ya daidaita. Masu saye suka riƙa leƙowa ta ƙofar baya suna gaishe ni, wata tsohuwa har da cewa na rame amma na fi kyau.

A watan Mayu aka gama maganin. Aka ɗauki hoton cikina, Likita Hasebe ta ce ba ta ga komai ba, in dawo bayan wata uku a sake dubawa, haka za mu yi ta yi har shekaru. Sanyi ya daina cizona, sai dai kan yatsuna har yanzu kamar an naɗe su da takarda. Masumi ta ce ta saba da tanki, ba za ta mayar mini ba.

A cikin watan ne Yaya ta zame a banɗakin gidanta ta karya wuyan hannu. Aka sa mata filasta har gwiwa, aka hana ta tuƙi. Yanzu ni nake kai mata abinci da rana a kan keke, in zauna in yanka mata, in wanke kwanukan kafin in tafi. Jiya ta ɗaga wata soyayyar awara da hannun hagu, ta juya ta gaba da baya a gaban taga.

"Wannan wa ya soya?"

"Ni."

"Gefen nan ya ƙone."

"To ajiye, in kai wa maƙwabta."

Ta kai baki ta gatsa. "Gobe ka zo da huɗu," ta ce.